Baƙin Gilashin Hamma Mai Hoto

A Ƙofar Wambai ta garin Bauchi, idan ka wuce masu gyaran keken ɗinki ka ɗan yi gaba, akwai wani shago mai shuɗiyar ƙofa wanda Hamma mai hoto ya shekara ashirin da shida a cikinsa. Kakansa kiwo ya yi. Ubansa ya sayar da shanun ya zauna a gari yana dillancin fata. Shi kuwa Hamma da kyamara a wuya ya tashi. Rabin mutanen unguwar, hoton fasfon da suka shiga makaranta da shi, da wanda suka nemi aiki da shi, da wanda suka tafi Makka da shi, duk daga hannunsa suka fito. Ya san wanda kunnensa ɗaya ya fi ɗaya girma, ya san wadda ba ta yarda a ɗauke ta ta gefen hagu, kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba sai matarsa Juwairiyya, ita ma sai in ta tambaya.

Mutum ne mai tsari. Wata shekara aka yi wani babban biki, masu hoto bakwai suka ajiye jakunkunansu a ɗaki ɗaya, Hamma ya dawo gida da idon kyamarar da ba nasa ba, tsoho mai tsaga a gefe. Bai yi rigima da kowa ba. Washegari ya sayi ƙaramin gwangwanin farin fenti, ya fiƙe tsinke, ya zauna ya rubuta sunansa a jikin duk wani abin aiki da ya mallaka. Tun daga ranar, duk abin da ya shigo shagon nan sai ya sha fenti kafin ya fara aiki. Sauran masu hoton garin sun yi ta dariya, daga baya mafi yawansu suka sayi nasu gwangwanin.

Abin da bai sa wa suna ba shi ne matsayinsa a garin, don bai taɓa zaton akwai mai iya ɗauka ba.

Obadiya mutumin Bogoro ne, shagonsa a Fadaman Mada. Shi da Hamma maigida ɗaya suka yi wa koyon aiki, wani dattijo a Wunti da ya rasu tuntuni, amma Hamma ya riga shi zuwa da shekara huɗu, kuma shi ya koya masa saka fim a kyamara ba tare da ya ƙona shi ba. Shekara da shekaru Hamma yana son Obadiya so na gaskiya, don ba wuya a so mutumin da yake bayanka. Idan aiki ya yi masa yawa yakan tura masa. Idan aka tambaye shi yakan ce ai yaron yana ƙoƙari, ko da yake yaron ya haura arba'in kuma ya fara furfura a gemu.

Sai Obadiya ya fara ɗaukar ruwa. Ba amarya, ba ango, ba mai neman aiki. Ruwa kawai, yana gangarowa tsakanin duwatsu a wani rafi da ke bayan Miri, amma a hoton ba ya kama da ruwa. Fari ne, sumul, kamar an kwarara kindirmo a kan dutse, gajimare kuma a sama ya miƙe kamar an ja shi da tsintsiya. Ya riƙa saka hotunan a shafinsa, mutane suna ta yabawa, har waɗanda Hamma ya ɗauki hoton sunansu da na aurensu. Hamma bai taɓa danna alamar yabo ko sau ɗaya ba. Amma babu hoton da bai buɗe ba bayan la'asar, ya faɗaɗa shi da yatsu biyu yana bi kusurwa-kusurwa yana neman aibu. Idan aka yi zancen a gabansa sai ya ce aikin kwamfuta ne, kuma shi a zamaninsu hoto ake ɗauka, ba zane ba.

A wani taron ƙungiyar masu hoto aka roƙi Obadiya ya yi bayani. Ya fito da wani gilashi mai kusurwa huɗu, bai kai tafin hannu ba, baƙi wuluk, wanda ko ka ɗaga shi ga rana da kyar za ka ga alamarta. Ya ce ana zura shi ne a wani ɗan firam a gaban idon kyamara, sai ya hana haske shiga sai kaɗan-kaɗan. Saboda haka maimakon ƙiftawar ido, kyamarar sai ta yi minti ɗaya ko biyu a buɗe tana shan haske, a kan sandarta mai ƙafa uku, ba motsi. Duk abin da ke tsaye sai ya fito daram, duk abin da ke gudu sai ya narke. Hamma yana can kujerar baya yana latsa waya kamar mai amsa saƙo, kunnensa kuwa ko kalma ɗaya bai yar ba. Da Obadiya ya ce to yanzu bari ya faɗi matsalolin gilashin, sai Hamma ya miƙe ya ce yana da aiki, ya fita. Ba ya so a ce ya zauna ɗaukar darasi har ƙarshe.

Cikin watan Yuli wata Madam Patricia ta kira shi. Ita ce manajar wani sabon otal da ake gamawa a hanyar Jos. Ta ce akwai ƙaton bango yana kallon ƙofar shiga, mai otal ɗin yana son hoto ɗaya tak a wurin, babba, kuma na Bauchi, ba wanda aka kwaso daga intanet ba. Mutum biyu ta kira, shi da Obadiya. Kowa ya kawo nasa kafin ƙarshen Satumba, ita za ta zaɓa. Ta ƙara da cewa mai otal ɗin ya ga irin hotunan ruwan nan, sun burge shi.

Hamma ya ce ba damuwa, ai wannan ƙaramin abu ne.

Bango ne da duk baƙon da ya sauka a garin zai fara gani. Hamma ya yi shekara ashirin da shida hotunansa suna kwana a aljihu da fayil da ƙasan akwati, kuma bai taɓa jin haka ya dame shi ba sai ranar nan.

A Jos ya sayo gilashin, don kada wani a Bauchi ya gan shi yana tambaya. Ya ce wa Juwairiyya gaisuwar rasuwa za shi. Da ya dawo ta tambaye shi wa ya rasu, ya ce ba ta san shi ba.

Ranar farko ya hau mashin da sassafe ya nufi Miri, ya bi ta gonakin dawa har bakin rafin. Ruwa ya cika yana ta ƙugi. Ya kafa sanda, ya zura gilashi, ya danna, ya tsaya yana kallon agogo. Da hoton ya fito a bayan kyamara sai daɗi ya kama shi: ga ruwan nan ya zama kindirmo, nasa, da hannunsa. Sai kuma ya lura da wani hazo ja-ja a tsakiya, da wani farin baka a sama ta gefen dama, kamar jinjirin wata da ya kwanta a kan dutse. Ya sake ɗauka. Suna nan. Ya ɗauka sau goma sha ɗaya, suna nan sau goma sha ɗaya.

Jan hazon bai daɗe da shi ba. Wata safiya ya hango mashin ɗin Obadiya a gindin wata ɗorawa, sai ya kashe nasa tun daga nesa, ya tura shi cikin dawa, ya laɓe bayan dutse. Mutum mai shekara hamsin da uku, uban 'ya'ya biyar, a tsugune cikin raɓa yana leƙen ƙaninsa na aiki. Ya ga Obadiya kafin ya danna sai ya rufe 'yar tagar leƙen da ke bayan kyamara da ƙyalle. Hamma ya gane: haske ne ke sulalewa ta baya. Washegari ya kifa hularsa a wurin, jan hazo ya tafi. Ya koma gida yana jin daɗi, har ya faɗa wa Juwairiyya cewa ya gano wata dabara.

Farin bakan kuwa ya ƙi tafiya. Ya goge gilashin da ƙyalle mai laushi, ya hura masa iska, ya juya shi gaba ya koma baya. Ya sauya wuri, ya sauya lokaci. Idan gari ya lumshe bakan yakan dushe, idan rana ta buɗe sai ya fito ƙarara. Ya yanke hukuncin cewa mutumin Jos ya sayar masa da jabu, ya koma ya zazzage masa, ya karɓo wani. Wannan karon ya ce wa Juwairiyya sadakar bakwai ce. Sabon gilashin ya ba shi baka iri ɗaya, a wuri ɗaya, babu ko ɗan bambanci. Ya gwada gogewa a kwamfuta, amma bakan ya ratsa ta kan ganyaye da tsagar dutse, duk inda ya goge sai wurin ya yi kama da bangon da aka yi wa faci. Ban da haka, shi ne mutumin da ya cika gari da cewa na Obadiya aikin kwamfuta ne.

Akwai wani manomi da gonarsa ke bakin rafin, wanda ya saba ganinsa har suna gaisawa. Hamma ya nuna masa hoton wata rana, don ya gaji da kallonsa shi kaɗai. Manomin ya duba da kyau, ya ce ai wurin nan dama ba a rasa mutanen ɓoye, kuma ba kowa suke yarda ya ɗauke su ba. Hamma ya tambaye shi to yaya ɗaya mai hoton yake yi. Manomin ya ce wannan ai mutumin kirki ne, kullum sai ya yi sallama kafin ya kafa sandarsa. Hamma bai yarda da maganar ba ko kaɗan, don ya yi makaranta. Washegari dai ya yi sallama. Bakan bai amsa ba.

Agusta ta wuce, Satumba ta kai rabi. Shago yana rufe da safe, masu neman fasfo suna tsallakawa wani wuri. Juwairiyya, wadda tuni ta gane babu wanda ya rasu a Jos, ta same shi zaune gaban kwamfuta ya zuba wa farin bakan ido.

"Malam, ka kira Obadiya mana. Ba kai ka koya masa aiki ba?"

Ya ce ai shi ya sa ba zai kira shi ba. Ta ce ita dai ba ta gane wannan lissafin ba, ta ɗauki kwanonta ta fita. Da ta tsaya, da ya bayyana mata: idan ya tambaya kuma ya ci bangon, na Obadiya ne. Idan ya tambaya bai ci ba, ya yi asara biyu. Hanya ɗaya ce ta rage, ya gano da kansa, kuma yana gab da ganowa. Ya yi mako shida yana gab da ganowa.

Ruwan sama ya fara ja baya. Rafin ya rage ƙugi, duwatsun da ke ƙarƙashi suka fara leƙowa. Saura kwana tara wa'adi ya cika, Hamma yana tsaye bayan kyamararsa, hula a kife a kanta, kansa a buɗe, sai ya ji an yi gyaran murya a bayansa. Obadiya ne, da jakarsa a kafaɗa, da manomin nan a gefensa.

"Oga Hamma, ashe kai ne kake cinye min ruwa. Na ce wa ya fi ni sammako."

Hamma ya ce iska ya zo sha. Obadiya ya dubi sandar mai ƙafa uku da baƙin gilashin da hular, ya ce lallai iskar ta samu shiri. Suka gaisa, aka tambayi iyali da aiki. Obadiya ya ce ai dama ya san ranar da Bafulatani zai shiga harkar nan su sai su koma gefe, tunda ruwan kindirmo yake zama, nono kuwa gadonsa ne. Hamma ya yi dariya daidai gwargwado. Da a nan aka tsaya da ya tsira, amma manomin, da kyakkyawar niyya, ya ce ai Malam yana fama da mutanen ɓoye, sun ƙi barin hotonsa.

Obadiya ya miƙo hannu. Babu yadda za a hana mutum kyamara a gaban baƙo ba tare da an faɗi dalili ba, dalilin kuwa ba ya faɗuwa. Hamma ya ba shi.

Obadiya ya duba hoton, ya faɗaɗa wajen bakan, ya ƙara faɗaɗawa, ya karkata kai. Sannan ya zare gilashin daga firam ɗinsa, ya juyo da kyamarar ya kalli idonta. A zoben da ya kewaye idon, daga ciki, inda ɓarawo ba zai iya kankarewa ba tare da an gani ba, ga farin fenti nan da rubutun tsinke, harafi bayan harafi, a jere kamar baka.

"Oga, ba aljanu ba ne," in ji shi a hankali. "Sunanka ne."

Ya yi bayanin a taƙaice, kuma bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ƙona wa Hamma rai. Ya ce bayan irin wannan gilashi kamar madubi yake. Haske yakan sulalo ta gefen firam ya faɗa kan farin rubutun, rubutun ya haska a bayan gilashin, kyamara kuma tana buɗe minti biyu tana kwashe duk abin da ta gani. Ko rubutun da kamfani ke yi a zoben yakan jawo haka, shi ya sa shi ya rufe nasa tun farko, balle fenti mai kauri irin wannan. Ya ce ai ya faɗi wannan a taron ƙungiya, shi ne ma abu na farko a cikin matsalolin. Sai ya tuna, ya ce af, lokacin Oga ya fita.

Ya buɗe jakarsa ya ciro baƙin salatif irin na masu gyaran wuta, ya yanka ƙanana da haƙori, ya bi zoben ya rufe rubutun kaf, ya ƙara wani a gefen firam inda haske ke shiga. Bai kai minti uku ba. Ya mayar da gilashin ya ce a gwada. Hamma ya danna. Mutum uku suka tsaya suna jira, ruwa yana wucewa. Hoton ya fito tas, babu baka, babu hazo.

Hamma ya ce dama ya yi zargin haka, yana shirin dubawa ne. Obadiya ya ce ai ya sani. Ya bar masa sauran salatif ɗin, ya gangara ƙasa ya ba shi wuri.

Kwana tara Hamma ya yi yana zuwa rafin, ya ɗauki hotuna masu tsabta waɗanda babu abin da za a ce musu. Sai dai ruwan ya riga ya tafi. Inda a Agusta yake zubowa faɗin dutsen gaba ɗaya, yanzu zare uku ne sirara. Hotunansa na Agusta suna da ruwa da baka, na Satumba ba baka ba ruwa. Ya zaɓi mafi dama ya kai. Madam Patricia ta jera shi da na Obadiya a kan tebur, wanda aka ɗauka tsakiyar damina. Ta yaba nasa ƙwarai, ta ce akwai natsuwa a cikinsa. Hamma ya daɗe a sana'a, ya san abin da ake nufi idan aka fara yabon naka. Ta zaɓi na Obadiya. Sannan, don ta san darajarsa, ta ce shi take so ya ɗauki hotunan bikin buɗe otal ɗin, don a wannan fannin ba shi da na biyu.

Ranar buɗewa ya zo da wuri cikin farar shadda. Hoton yana bango, ya fi tsayin mutum, an rufe shi da gilashi mai sheƙi. Hamma ya tsaya gabansa ya daɗe. Baƙi suka fara isowa, kuma kowa a gaban hoton yake so a ɗauke shi.

Nan ne fa Hamma ya san abin da ko Obadiya bai kai shi sani ba. Idan ka tsaya daidai tsakiya ka saki filasha a kan gilashi, hasken zai dawo maka ya zauna fari fat a tsakiyar hoton bangon, fuskokin mutane kuwa su fito lafiya lau. Ba wanda zai zarge ka, kowa zai ce gilashin ne. Hotuna ɗari biyu za su bazu a wayoyin gari, a kowanne ruwan Obadiya ya zama farin tabo. Ya tsaya daidai tsakiyar. Mai otal da iyalinsa suka jeru, suka gyara tsayuwa. Ya ɗaga kyamara, yatsansa a kan maɓalli, ya riƙe su a haka har murmushin matar mai otal ya fara gajiya.

Sai ya matsa taku biyu hagu, ya karkata filashar sama, ya ɗauka. Ba tausayi ba ne. Hannunsa ne kawai ya ƙi, don bai taɓa mayar wa mai biki hoto mai tabo ba. Haka ya yi ta yi har taro ya watse, yana jin haushin kowane hoto da ya fito da kyau.

Bayan kwana biyu Obadiya ya kira shi. Ya ce ya ga hotunan, shi kansa ya gwada ɗaukar bangon sau da yawa gilashin ya hana shi, bai san yadda Oga ya yi ba. Ya roƙi izini ya saka guda uku a shafinsa. Hamma ya ce ya saka mana, ai ba komai, ƙaramin abu ne. Bai faɗa masa yadda ya yi ba, Obadiya kuma ya ɗan jira a waya, sannan ya yi godiya ya kashe.

Da la'asar Juwairiyya ta same shi a tsakar gida da waya a hannu, ya faɗaɗa ɗaya daga cikin hotunan bikin da yatsu biyu. Ta leƙa ta ce kai, ruwan nan ya yi kyau. Ya ce ba laifi, sai dai dutsen ya ɗan karkace hagu, wanda ya ɗauki hoton bangon bai daidaita sandarsa ba. Ta karɓi wayar ta duba, ta nisanta ta, ta kusanto da ita, ta ce ita ba ta ga karkata ba.

Ya karɓi wayarsa ya ce ai ba kowa zai gani ba.